Jinyar Yaro Bayan Zawo Ya Tsaya

Zuwa ga dagatai da masu unguwa da manoman ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram.

Kowa ya san sa'ad da zawo ke yawaita ga yara, watau tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ruwan sama kuwa ya kwashi ƙazantar bayan gari ya zuba cikin rafi da kududdufi da rijiyar da ba ta da baki. A shekarar 1991 aka yanki Jigawa daga Kano, amma wannan ciwo ya girmi jihar nesa ba kusa ba. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Annoba irin wannan kowa ya ji labarinta. Wanda ba a ba da labarinsa shi ne zawon yau da kullum, wanda iyaye mata kan ce haƙori ne, alhali kuwa shi ke cin yara a hankali.

A ce yaro ɗan wata 18, an kusa yaye shi, ya kwana uku yana zawo. Ido ya faɗa, baki ya bushe, in an matsi fatar cikinsa ba ta komawa da sauri. Abin da ke neman ransa ƙarewar ruwan jiki ne. Maganin wannan ba shi da tsada. A sami ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti a zuba cikin ruwa mai tsabta gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa. In ba a samu ba, a auna lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a sa sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali. Kada a ƙara gishiri, gama yawansa cuta ne. A riƙa ba yaro da cokali, kwata ko rabin kofi duk bayan ya zaga. In ya yi amai a dakata minti 10, sa'an nan a ci gaba sannu sannu. Abin da ya kwana a zubar a dama sabo.

Kada wani ya rena wannan don ya ga kayan shayi ne. Hikimarsa ita ce, hanji ba ya tsotse gishiri da kyau sai sukari ya raka shi, inda gishiri ya bi kuwa nan ruwa ke bi. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ruwan ƙari ya ƙare masa a sansanin 'yan gudun hijira, sai ya shiga shayar da marasa lafiya wannan haɗi. Da ma cikin mutum 100 wajen 30 ke mutuwa, sai suka koma ƙasa da 4. Tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da ƙwayar zinki, kullum ɗaya har kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga jaririn da bai kai wata 6 ba.

To, zawo ya tsaya, yaro ya tashi zaune, 'yan uwa sun zo barka. A nan ne yawancinmu ke sakin jinya, nan ne kuwa aikin ya fara.

Manomi ya san gonar da ambaliya ta bi ta kanta. Ruwa ya janye, amma ya tafi da ƙasar sama, in ba a kai taki ba baɗi sai ƙaiƙayi. Haka cikin yaro yake. A bangon hanji akwai waɗansu 'yan tsirai ƙanana birjik, ido ba ya rarrabe su, su ke tsotse amfanin abinci su kai jini. Zawo yana gajarta su. Har wa yau akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune cikin hanji ba iyaka, suna taya narkar da abinci, suna tare wa masu cuta wuri. Su ma zawo kan kwashe su, haka kuma kafso da ake saye a kasuwa barkatai ba da umurnin likita ba. Yaron da aka bari haka, ko ya ci ba ya amfana sosai, ya rame, ciwo ya sake kama shi, ya ƙara ramewa, har tamowa ta shiga.

Saboda haka al'adar nan ta hana mai zawo abinci wai ciki ya huta, kuskure ce babba. Hanji da abinci yake gyara kansa. Kada a janye nono ko na yini ɗaya, kada kuma a yaye yaro yana cikin ciwo ko yana farfaɗowa, ko da watan yaye ya kama. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya bisa na kullum har mako biyu.

Abincin kuwa duk a gonarku yake. Koko tsararo cika ciki ne kawai. A dama kunun gero da kauri, a sa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko garin wake, a ɗiga man ja ko man gyaɗa cokali ɗaya. A ba shi ƙwai dafaffe, da alale, da miyar zogale ko ta kuka, da kindirmon da aka dafa madararsa kafin a kwantar. Maganar da ake yi wai ƙwai yana koya wa yaro sata, ba ta da tushe. A Bangaladash ɗin nan, malamai sun haɗa wa yara masu rama wani abinci na gyaɗa da waken suya da wani irin wake da ɗanyar ayaba, don kiwon ƙwayoyin nan masu amfani. Suka bayyana sakamakon a 2021: cikin wata uku yaran sun fi waɗanda aka ba abincin da aka saba yin nauyi da sauri.

Sai dai a lura da gyaɗa. Wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci tana ɗauke da dafi mai ɓata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. An gano shi bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 don cin tunkuzar gyaɗa. Mu kan kai mai kyau kasuwa, mu bar wa gida tsintuwa. Ta kunun yaro ita ya kamata a fi tsincewa, a shanya ta bushe ƙarau bisa tabarma.

In an ga jini cikin bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ƙafa ta kumbura, ko kwana uku ba sauƙi, ba sauran zama. A kai shi ɗakin shan magani mafi kusa, su kuwa in ya fi ƙarfinsu sa tura babban asibitin tarayya da ke Birnin Kudu. Tun 2022 an shigar da rigakafin rota cikin na jarirai, ɗigo ne a baki, yana rage zawo mai tsanani.

Sauran aiki na dagatai ne da masu unguwa. Kafin ruwa ya sauka a zaga a duba rijiyoyi, a ɗaga musu baki, a yi musu murfi, guga kuma a rataye shi, kada ya kwana a ƙasa. Kowane gida da masai mai murfi, nesa da rijiya, a gangare da ita. Kashin jariri a zuba shi masai kamar na babba, gama cutar da ke cikinsa ba ta gaza ta babba ba. Kaji da awaki a raba su da inda yaro ke rarrafe. In mai unguwa ya ji an ce ɗan wane ya warke, ya tambayi uban ran da za a kai shi a ɗora bisa ma'auni, ya kuma sake tambaya bayan mako biyu.