JAMI'AR BANGUI: TARIHIN ƊALIBAI MASU BAKI DA ALƘALAMI

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A wannan wata za mu waiwayi wata makaranta da ke cikin garin nan namu, wadda da yawanmu mutanen Kokoro da sauran unguwannin Kilomita Biyar kan wuce ta ƙofarta a tasi ko a kan babur ba tare da mun san labarinta ba. Wannan makaranta ita ce Jami'ar Bangui. In aka bi labarinta a tsanake, za a ga labari ne na samari da 'yan mata waɗanda ba su da makami sai baki da alƙalami, amma da su suka taimaka wajen kayar da sarki.

Kafin a gina ta

A zamanin Turawa, lokacin da ake kiran ƙasar nan Ubangi-Shari, babu jami'a a cikinta. Duk yaron da ya gama lakwal yana son ƙarin ilimi, sai dai ya kama hanyar Brazzaville ko Dakar ko Faransa. A can Faransa ne ɗaliban ƙasashen Afirka suka kafa wata babbar ƙungiya mai suna FEANF a shekarar 1950, kowace ƙasa da reshenta. Suna da mujalla tasu, L'Étudiant d'Afrique noire, wadda hukumar Faransa ta sha hana fitarta saboda zafin abin da ake rubutawa a ciki. A tarukansu sukan raba dare suna gardama a kan tambaya guda: a karɓi mulkin kai yanzu, ko a ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa? Da aka zo ƙuri'ar raba gardama ta 1958, ƙungiyar ta tsaya a kan a ce a'a. Gwamnatin Faransa ta rushe ta a 1980, amma kafin nan waɗanda suka sha tarbiyyarta sun riga sun koma gida da al'adar muhawara da rubutu.

Ƙasarmu ta sami mulkin kai ranar 13 ga Agusta 1960. Bayan shekara tara, a watan Nuwamba 1969, aka kafa jami'a a Bangui, aka kuma laƙaba mata sunan shugaban ƙasa na lokacin, Jean-Bédel Bokassa. Abin mamaki, makarantar da ke ɗauke da sunansa tana cikin wuraren da aka fara yi masa tawaye a fili.

Shekarar 1979

A wancan zamani jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, wato MESAN, rediyo da jarida kuma duk na hukuma ne. Saboda haka jaridar ɗalibai ita ce 'yar takardar nan da ake kira "tract" da Faransanci: a buga ta a ɓoye, ba sunan marubuci, ta bi hannu-hannu daga aji zuwa unguwa. Wanda aka kama da ita ya shiga uku.

Bokassa ya naɗa kansa sarkin sarakuna ranar 4 ga Disamba 1977, aka kashe dukiya mai yawan gaske a bikin. Daga baya aka ba da umurni cewa dole kowane ɗan makaranta ya sa kayan makaranta iri ɗaya, waɗanda iyalan sarkin ke da hannu a cinikinsu, alhali iyayen yara ma'aikata sun yi watanni ba albashi. Ranar 18 ga Janairu 1979 yaran makarantun sakandare suka fito kan titi, ɗaliban jami'a suka mara musu baya, sojoji kuma suka buɗe wuta. A watan Afrilu aka bi unguwanni ana kama yara ana kai su kurkukun Ngaragba. Ƙungiyar Amnesty International ta bayyana wa duniya a watan Mayu cewa yara wajen 100 ne suka mutu. Aka turo masana shari'a daga ƙasashe biyar, wato Senegal, Kodebuwa, Laberiya, Ruwanda da Togo, suka yi bincike, rahotonsu na watan Agusta ya ɗora wa sarkin alhaki. A watan Satumba, yana ƙasar Libiya, sojojin Faransa suka sauka Bangui suka maido da David Dacko kan mulki.

Don tunawa da waɗannan yara ne ake kiran babban titin da jami'ar take a bakinsa Avenue des Martyrs, wato Titin Shahidai. Duk wanda ya bi ta wurin, ya tuna.

Malamai da tsofaffin ɗalibai

Gardama ba ta ƙare da faɗuwar sarki ba. Farfesa Abel Goumba, likita kuma abokin gwagwarmayar Barthélemy Boganda, ya dawo gida a 1981 bayan doguwar gudun hijira. Aka ba shi shugabancin jami'ar, sa'an nan a 1982 gwamnatin Janar Kolingba ta tsare shi saboda siyasa. Allah ya ja kwanansa har ya zama firayim minista a 2003. A farkon shekarun 1990 kuwa, malamai da ɗalibai da ƙungiyoyin ma'aikata suna kan gaba wajen neman a buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, har aka kai ga zaɓen 1993. Sai dai an biya farashi: yajin aiki ya cinye wa ɗalibai shekarun karatu cur, abin da ake kira farar shekara. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ANECA, ita ma ta sha ja-in-ja da hukuma a kan kuɗin tallafin karatu da ake jinkirin biya.

Daga cikin tsofaffin ɗaliban jami'ar akwai Faustin-Archange Touadéra, wanda ya fara karatun lissafi a nan Bangui kafin ya wuce Abidjan da Lille. Ya shugabanci jami'ar daga 2005 zuwa 2008, ya yi firayim minista daga 2008 zuwa 2013, aka zaɓe shi shugaban ƙasa a 2016. Ban da shi akwai alƙalai, lauyoyi, likitoci, malamai da manyan ma'aikata da ba su ƙidayuwa. A taƙaice, mafi yawan waɗanda ke sa hannu a takardun da suka shafi rumfarka da filinka da takardar haihuwar ɗanka, ta wannan ƙofa suka bi.

Mu fa?

A nan ne maganar ta zo kanmu. An san Kilomita Biyar da kasuwa, kuma ba abin kunya ba ne, don da ita garin nan ke ci. Amma an daɗe a gidajenmu ana cire yaro daga lakwal da zarar ya iya lissafin kuɗi, yarinya kuwa ba a ma cika bari ta yi nisa ba. Rikicin 2013 da 2014 ya ƙara dagula al'amari: dubban 'yan'uwa suka yi hijira zuwa Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka zama kamar a tsare cikin unguwa, ɗalibi ba shi da halin fita ya je aji ya dawo lafiya. A kwanakin nan ne muka ga illar rashin masu magana da yawunmu. Ana ta bayani a kanmu a rediyo da jaridu da tarukan sulhu, mu kuwa masu iya tsayawa su amsa da Faransanci ko Sango, da hujja da natsuwa, 'yan kaɗan ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai iya faɗa ba, wa zai ɗinke masa?

Kada wani ya ce muhawara ba gadonmu ba ce. A Bauchi ta Nijeriya, tun 1943, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa sukan zauna a Majalisar Taɗi suna tattauna al'amuran mulki a gaban Turawa da sarakuna. Ɗaya daga cikinsu ya zama firayim ministan Nijeriya, ɗaya ya zama jagoran talakawa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, laccocin Dokta Yusufu Bala Usman sun yi suna wajen cika ɗaki da jawo gardama, shi da abokansa kuma suka fitar da mujallar Fitila da Hausa don maganar ta isa ga mutanen kasuwa da karkara. Ɗaliban Zariya su ma sun zubar da jini a 1978 da 1986. Ashe jikokin waɗanda suka taso daga Kano da Katsina da Sakkwato suka zo nan fatauci ba baƙi ba ne a wannan fage.

Abin da ya kamata mu yi

Na farko, iyaye su daure su bar yara, maza da mata, su kai ga jarrabawar bak su shiga jami'a. Na biyu, 'ya'yanmu da suka riga suka shiga kada su tsaya a kwafar darasi kawai. Su shiga ƙungiyoyin ɗalibai, su ɗaga hannu a taro, su yi rubutu su sa sunansu. Na uku, tsofaffin ɗalibanmu, na gida da na waje, su san juna, su riƙa tara ƙannensu ko da sau ɗaya a wata a makarantar unguwa, a ba da batu, wasu su goyi baya wasu su soka, a koyi yadda ake ja da mutum ba tare da zagi ba. Na huɗu, duk mai tsohuwar takarda ko hoto ko mujalla ta zamanin karatunsa ya adana ta, don gara da gobara ba sa jiran kowa, kuma dattawan da suka ga 1979 da idonsu suna ta raguwa.

Wannan shafi a buɗe yake ga duk ɗalibin da ke da abin faɗa. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa 'ya'yanmu su fi mu. Amin.