Ko Kun Sani? Keken Matan Miango

Da keke guda ɗaya Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ta fara! A shekarar 1930 wata mai naƙuda ta sha da ƙyar a Miango, kusa da Jos. Sai matan cocin mishan ɗin SIM, wadda daga baya ta haifi cocin ECWA, suka yi karo-karo suka sayi keke don a riƙa kai marasa lafiya asibiti. Yau akwai Zumunta a majami'un ECWA, COCIN, EYN har da Katolika. Za ka ga matan Zumunta da ankon zane da ɗankwali, suna buga tulu da caki, suna zuwa dubiya, barka da ta'aziyya, suna tallafa wa gwauraye da marayu. Ba mai biyansu ko sisi, domin a wurinsu hidimar maƙwabci ibada ce.