"Ba sani ba sabo" a bakin dajin Kamuku

Duk sanda hukuma ta so nuna cewa wasa ya ƙare, magana ɗaya ake ji a rediyo: za a zartar da doka ba sani ba sabo. Asalin furucin gargaɗi ne ga mai riƙe da bulala, kada idonsa ya yi nauyi don ya ga ɗan'uwa, ko suruki, ko abokin cin tuwo. Mai shago ma yakan faɗe shi idan ya gaji da ba da bashi. Adalci ake nufi, kowa a auna masa da mudu ɗaya. Sai dai a bakin jami'ai ma'anar ta zame, ta koma tsanani zalla.

Mutanen Birnin Gwari sun ɗanɗana bambancin. Dajin Kamuku da ke yankinsu, wanda aka keɓe tun 1936, ya kuma zama gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da Kuyambana ta Zamfara, har ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mai da shi gida. A 2015 sojoji suka shiga da farmakin Sharan Daji. A Satumban 2021 kuma gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta dakatar da kasuwannin mako-mako, ta hana hawa babur da sayar da fetur a jarka, ta sa aka katse layin waya.

To, a kan wa bulalar ta sauka? Ɗan acaɓa ya jingine babur. Manomi ya rasa inda zai kai masararsa. Mai injin niƙa, wanda ba ya da hanyar ɗauko mai sai jarka, ya zama abin zargi. Ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da layin neman agaji. Ɗan bindiga kuwa dama babur ɗinsa ba ya bin kwalta, balle ya tsaya a shingen bincike, inda wani lokacin na goro kan sayi sabon da aka ce babu. Kafin shekarar ta ƙare aka mayar da layin waya.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga. Masu goyon baya suna nuna motocin da suka dawo hanyar Kaduna. Waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa kuwa suna tambayar wace kotu ce za ta saurari ƙararsu.