Wayar da Ke Riƙe Maka Makullin Imel

Masu amfani da Proton Mail ko Tuta ba sa rasa ƙorafi biyu: ko dai manhajar ta dame su da neman kalmar sirri, ko kuma saƙo ya shigo tun safe amma wayar ba ta yi ƙara ba sai da suka leƙa da kansu.

A Gmail, aikin kalmar sirri shi ne ta shaida wa Google cewa kai ne. A Proton, wanda aka kafa a Siwizalan a 2014, da Tuta na birnin Hanoba a Jamus, aikinta ya wuce haka: da ita ake buɗe makullin da ke warware saƙonninka, kuma kamfanin kansa ba ya iya karanta su. To idan ka zaɓi manhajar ta ci gaba da tuna ka, ina makullin yake kwana? Cikin wayarka, a ma'ajiyar sirri ta Android ko iPhone. Daga ranar, tsaron imel ɗinka ya koma kan lambar buɗe waya. Wanda lambarsa 1234 ce, kuma yakan bar wayar a shagon caji ya tafi kasuwa, wahalar da injiniyoyin Proton da Tuta suka sha ba ta amfane shi da komai ba. Manhajojin biyu suna da nasu kulle na daban, na lamba ko na yatsa, sai dai sai mutum ya kunna shi da kansa.

Batun ƙararrawa kuwa, yawancin manhajoji ta hannun Google ko Apple suke aiko da sanarwa. A Disambar 2023, Sanata Ron Wyden na Amurka ya fallasa cewa gwamnatoci na neman bayanan waɗannan sanarwa daga Google da Apple. Tun 2018 Tuta ta raba gari da hanyar Google a Android, ta gina tata. Wannan ya sa dole manhajar ta riƙa aiki a ɓoye ko an rufe ta, alhali wayoyi irin su Tecno da Infinix ba sa jinkirin kashe duk manhajar da suke ganin tana shan batir. Maganin yana cikin saitin batir: a cire manhajar daga waɗanda ake taƙaitawa. A ganina ɗan cajin da za ta ci bai kai asarar saƙon da ya makara ba.

A kwamfuta ma, wanda ke karanta Proton ta manhajojin imel irin su Thunderbird ko Outlook sai ya bar Proton Mail Bridge a kunne, domin shi ke warware saƙonnin kafin su isa waɗannan manhajoji.