Dalilin da Tayar Keke ke Yin Faci

 Zancen kimiyya na yau a kan ƙafar keke ya ke.

A biranen Mancesta da Bamingam na ƙasar Ingila akwai mutane masu yawa da ke zuwa wurin aiki bisa keke kowace safiya, da ɗalibai, da ma'aikatan asibiti, da masu kai wa mutane abinci gida gida. Hukumomin garuruwan biyu sun keɓe musu hanyoyi. Ta titin Oxford Road a Mancesta an gama ta cikin 2017, ta Bamingam kuwa, wadda ta taso daga unguwar Selly Oak zuwa tsakiyar gari, an buɗe ta cikin 2019. Amma duk wannan gyara bai hana taya sacewa ba. A can kuwa babu mai faci zaune a gindin itace da bahon ruwansa da famfo, kamar yadda a ke samu a Kano ko Maraɗi. Wanda tayarsa ta sace da ƙarfe bakwai na safe, cikin ruwa da ɗari, ko dai ya gyara da hannunsa, ko ya tura kekensa mil uku ya isa aiki a makare.

Abin sha'awa shi ne, garuruwan nan biyu suna da hannu a cikin labarin taya tun farkonsa. Cikin 1823 wani mutumin Sikotlan, Charles Macintosh, ya sami izinin mallakar wata dabara ta narkar da danƙon roba a cikin wani mai da a ke tatsa daga kwal. Da wannan narkakken danƙo ya riƙa haɗa ƙyalle biyu ya yi rigar ruwa, aka kuma kafa masa babbar ma'aikata a Mancesta. Sholishon da mai faci ke shafawa yau jikan wannan danƙo ne.

Tayar iska kuwa daga Belfas ta fito, a ƙasar Ailan. Wani likitan dabbobi, John Boyd Dunlop, ya ga ɗansa na shan jijjiga bisa ɗan kekensa mai ƙafa uku, gama a lokacin tayoyi duk daskararriyar roba ce. Sai ya yi wata 'yar jakar roba doguwa, ya hura mata iska, ya naɗe ta da ƙyalle a jikin ƙafar. Ya sami izinin mallaka cikin 1888. Mutane suka yi ta dariyar wannan kumburarriyar taya har watan Mayu na 1889, sa'ad da wani mai tsere, Willie Hume, ya hau ta ya cinye tsere huɗu a Belfas rana ɗaya. Daga baya aka gano ashe wani Robert Thomson ya riga Dunlop tun 1845, sai dai shi don keken doki ya yi tasa, aka manta da ita. Duk da haka sunan Dunlop ne ya bi duniya. Kamfanin ya gina ƙatuwar ma'aikata a Bamingam, wadda a ke kira Fort Dunlop, ta fara aiki cikin 1917, ya kuma saye ma'aikatar Macintosh ta Mancesta cikin 1925. Babban ginin Fort Dunlop yanzu ya koma ofisoshi da masauki.

Tayar Dunlop ta fari manne ta ke da ƙafa, in ta huje sai an warware ta. Wani Bature, Charles Welch, shi ya ceci mahaya cikin 1890, da ya sa waya a bakin taya, ya kuma yi kwari a tsakiyar ƙarfen ƙafa, wanda makanikai ke kira rim. Wannan kwari shi ke sa a iya ɓalle taya da hannu. In aka tura bakinta cikin kwarin ta gefe ɗaya, sai ɗaya gefen ya saki. Mutane da yawa ba su san haka ba, shi ya sa su ke kokawa da ƙarfe har su huda robar ciki.

To, mene ne ke ɗauke da mai keke? Iska ce. Roba mazubi ce kawai. A ce mutum da kekensa sun yi laba 180, kuma laba 120 na bisa ƙafar baya. In an cika tayar har iskar na tura kowane inci murabba'i da ƙarfin laba 60, to wurin da zai taɓa ƙasa inci murabba'i 2 ne kacal. In iskar ta ragu da rabi, tilas tayar ta baje har inci 4 kafin ta iya ɗaukar wannan nauyi. Bajajjiyar taya kuwa ta fi kwasar tarkace. Ga kuma abin da ya fi haka muni: in ta faɗa rami ko ta bugi bakin kwalta, sai ta matse har rim ya datse robar ciki, watau tiyub, ya bar huji biyu kusa da juna kamar saran maciji. Duk wanda ya ga wannan alama kada ya zargi ƙusa, famfonsa ne ya daɗe bai taɓa ba.

Taya kuma ta kan rage iska ko ba ta huje ba. Roba a ido kamar ba ta da kafa ko ɗaya, amma ƙwayoyin iska sun fi kafofinta ƙanƙanta, suna ratsa ta a hankali dare da rana. Cikin 1937 masana a Amurka suka haɗa wata roba da a ke kira butil, wadda ta fi danƙon itace riƙe iska nesa ba kusa ba, da ita a ke yin yawancin tiyub yanzu. Ita ma tana yoyo, sai dai kaɗan kaɗan. Saboda haka mai zuwa aiki kullum ya kamata ya ƙara iska sau ɗaya a mako. Adadin da ya dace a rubuce ya ke a gefen taya, ko da ya ke mutane ƙalilan ne suka taɓa sunkuyawa su karanta.

Mahayan Mancesta, garin da ya yi suna wajen ruwan sama, sun san faci ya fi yawa ran da ƙasa ke jiƙe, kuma kimiyya ta ba su gaskiya. Ruwa ya kan kwaso ɓarɓashin kwalba da tsakuwa ya tara su a gefen titi, daidai inda keke ke bi. Jiƙaƙƙiyar taya ta kan ɗauke su su liƙe. Sa'an nan ruwan ya zama musu kamar mai: duk wanda ya taɓa yanka roba ya san jiƙaƙƙiyar wuƙa ta fi busasshiya shiga. Yawanci ɗan gilashin ba ya hudawa nan take. Ya kan maƙale a fatar taya, kowane juyi ya ƙara nutsewa, wani lokaci sai bayan kwana biyu ya kai ga tiyub. Wanda ya saba juya ƙafar kekensa da maraice yana cire su da tsinke ya kan tsere wa faci da yawa da bai ma san sun nufo shi ba.

A Bamingam mahaya da yawa sun fi son bin gaɓar magudanan da aka haƙa a dā domin jiragen kaya, inda dawaki ke tafiya suna jan jirgi. Babu mota a nan, amma akwai shingen wani itace mai ƙaya, wanda a ke yi wa aski da kaka da hunturu, ƙayar ta zube a hanya. Mutumin ƙasar Hausa ba baƙon wannan ba ne, ya san tsidau da ƙayar aduwa. Maganin da aka samo shi ne taya mai shimfiɗa a ciki, ko ta roba mai kauri, ko ta wani zare mai tauri da a ke kira Kevlar, wanda wata masaniya, Stephanie Kwolek, ta gano a Amurka cikin 1965. Irin wannan taya ta fi nauyi, ta fi tsada, mai tsere ya kan raina ta. Amma ga wanda albashinsa ke rataye da isa kan lokaci, cinikin bai yi tsada ba. Akwai kuma wani ruwa mai kauri da a ke ɗurawa a ciki, ya toshe ƙaramin huji da kansa, sai dai ba ya maganin tsaga.

In faci ya riga ya auku, masu dabara a can ba su tsayawa liƙi a bakin hanya. Su kan riƙe sabon tiyub a jaka su musanya, su bar liƙin sai sun koma gida. Amma kafin a sa sabon, tilas a bi cikin tayar da yatsa a hankali a nemo abin da ya yi hujin, in ba haka ba yana nan yana jira. A duba kuma ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyin ƙafa a cikin rim. A ɗan hura wa tiyub iska kafin a cusa shi, don kada bakin taya ya cije shi. In kuwa ba a ga huji ko ɗaya ba, a shafa yawu a bakin bawul, in ya yi kumfa to ga mai laifi nan.

Wajen liƙi ne sauri ke haifar nawa. Da fari a goge wurin da sanfefa, domin sabon tiyub ya kan fito daga ma'aikata da wani santsi a bayansa wanda ba ya barin kome ya kama. A shafa sholisho kaɗan, fiye da faɗin facin, sa'an nan a ƙyale shi kamar minti biyar har ƙyallinsa ya dushe. Dalili kuwa shi ne, man da ke cikinsa aikinsa kawai ya narkar da danƙo ya kai shi cikin sassarfar robar. Sai ya bi iska tukuna danƙon zai iya haɗuwa da ɗanyar robar da ke ƙarƙashin facin su zama jiki ɗaya. In aka rufe shi da danshinsa, man ya rasa hanyar fita, facin ya yi ta zamewa, gobe da safe a iske tayar a ƙasa. In ya bushe sai a ɗora facin, a danna shi da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki, a barbaɗa ɗan alli don kada ya manne da cikin taya.

A mako mai zuwa za a yi bayani a kan birki, da dalilin da ya sa ba ya kamawa sosai in ana ruwa. A huta lafiya.