Daga Kelle zuwa Damagaram a kan keke, iska a bayanka

[Ƙarar sarƙar keke, sannan kiɗan buɗe shiri]

Shirin namu na yau a kan sirdin keke za mu yi shi. Za mu tashi daga Kelle, can arewa da Gure, a gindin duwatsun Kutus, mu gangaro ƙasar Muniyo, mu bi ta bakin tafkin Gidimuni, in lokaci ya ba mu dama mu shiga Damagaram.

Na san wani zai ce, me ya hana a faro daga Damagaram, tunda can ne birni? Iska ce ta hana. Wannan tafiya ta lokacin sanyi ce, daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi gabas da ita zai wuni yana kokawa, ƙura a ido, gwiwa ta mutu tun kafin hantsi. Wanda ya taso daga Kelle kuwa, tana bayansa tana tura shi.

A Faransa akwai hanyar keke da ta bi kogin Luwar, kusan kilomita 900, mutane na zuwa daga ƙasashe don su bi ta. Maƙwabtanmu na Burkina Faso suna da tserensu na Tour du Faso tun 1987. Mu nan ba allo ko ɗaya da aka kafa wa mai keke, amma fadama da tuddai da tsofaffin garuruwa duk Allah ya jera mana su a kan hanya guda.

To, Kelle. Gari ne na Dagara, wani reshe na Barebari, kuma nan ne mazaunin sarautar ƙasar Kutus. Ran kasuwa za ka ga Fulani da Tubawa da Buzaye sun shigo da bisashensu. Duwatsun ba su da tsini, kansu a shafe yake kamar an ɗora faifai, da safe ja, da yamma su yi duhu-duhu.

Amma abin da ya tsayar da ni a Kelle, har na kasa hawa keken da wuri, jimina ce.

Jimina mai jan wuya, wadda kakanninmu suka sani a dajin nan. A farkon shekarun 2000 ta ƙare ƙaf a dajin Nijar, farauta da kwasar ƙwai da fari suka gama da ita. Abin da ya rage sai 'yan tsirarun da ke hannun mutane. A nan Kelle, ƙungiyar mutanen Kutus mai suna CERNK, tare da ƙungiyar Sahara Conservation, suka kewaye fili suna kiwonta, da niyyar wata rana a mayar da ita daji. An ma riga an kai wasu gandun dajin Gadabeji da ke jihar Maradi.

Na tsaya a bakin waya, namijin ya tako ya zo. Jama'a, ji ba gani ba ne. Tsayinsa ya haura mita biyu da rabi, sai ka ɗaga kai kake ganin idonsa, ido ƙato mai dogon gashi. Jikinsa baƙi wuluk, bakin fiffike fari tas, wuya da cinya jaja-jaja, kuma mai kula da su ya ce mini in lokacin barbara ya zo jan har ƙaruwa yake yi. Na duba ƙafar, yatsu biyu ne kacal, babban da farce kamar bakin gatari. Da wannan ƙafa yake gudun kilomita 70 a awa, gudun da ba mai keken da zai kama a kan rairayi.

Ƙwan kuma, ƙwai guda ya kai kilo ɗaya da rabi, ya fi ƙwan kaza ashirin. Kwana 42 ake kwanci. Macen, mai launin ƙasa, ita ke kwanci da rana, ta saje da rairayi. Namijin, baƙi, shi ke karɓa da dare, ya saje da duhu. Ku sake ji: mace da rana, namiji da dare. Allah mai hikima.

Ku tuna fa, gashin tsuntsun nan dukiya ne a da. A ƙarni na 19 ayarin raƙuma na ɗaukarsa daga Damagaram da Kano, su keta Sahara zuwa Tarabulus, daga can ya haye Turai ya hau hulunan mata. Takalman gashin jimina da Sarkin Kano ke sawa, tarihi ya danganta su da zamanin Muhammadu Rumfa. Yau ga shi jikokinmu sai sun zo bakin waya a Kelle za su san kamanninta. Ni dai ina jinjina wa mutanen da suka riƙe wannan aiki.

[Kiɗa]

Mu hau hanya. Daga Kelle zuwa Gure tafiyar wuni ce ga mai keke, kuma gaskiya ba duka za ka yi ta a kan sirdi ba. Inda ƙasa ta yi tauri ka taka feda, inda rairayi ya yi zurfi ka sauka ka tura. Keke mai faɗin taya ake so, ka kuma rage masa iska kaɗan don kada ya nutse. Ruwa, ka ɗaura jarka a baya, kada ka dogara da rijiyar gaba.

Babban abokin gaba shi ne tsidau. Ƙarangiya wando take kamawa, tsidau kuwa taya yake nema, ga ƙayar aduwa a ƙarƙashin kowace inuwa mai daɗi. Kafin in kai Gure sau biyu ina faci. Na biyun a wani ƙauye ne, wajen wani dattijo mai faci a gindin bedi. Ya zare robar ciki, ya hura ta, ya riƙa tsoma ta a kwanon ruwa gaɓa-gaɓa har kumfa ya taso. Ya soka tsinke a wurin, ya kankare, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, ya ajiye ta ta sha iska. Sannan ya zura hannu cikin tayar yana shafawa a hankali, sai ga ƙayar ya zaro, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Ɗana, in ba ka fitar da wannan ba, aikin banza muka yi." Na ba shi kuɗi ya karɓa, ya kuma sa aka kawo mini fura.

Gure ita ce hedikwatar tsohuwar masarautar Muniyo, gari a tsakanin duwatsu. A watan Disamba na 1852 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka nan daga Kukawa a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu, ya gana da sarkin Muniyo na lokacin, Kosso. Hanyar da za mu bi yanzu, yamma sak, kusan ita ya bi, shi a kan doki, mu a kan kwalta, sama da kilomita 160 zuwa Damagaram. Kwana biyu ne ga mai ƙarfi, uku ga mai son kallo.

A nan ne mai keke ya fi mai mota riba. Kana hawa tudu, kana sauka, ba komai sai rairayi da kalimbo, kwatsam sai ƙasa ta buɗe, ka hango kwari kore shar a ƙasanka. Goriba a kewaye, dabino a ciki, sai rogo da rake da albasa, a tsakiya kuma fari fat, kanwa ce. Mai mota kafin ya waiga ya wuce. Kai kuwa ka jingine keke ka gangara, ka ji sanyin wurin a fuskarka, ka ga shingayen da manoma suka kakkafa a kan tudu da reshen kalimbo da kaba, don kada rairayi ya binne musu gona. Shi ma Barth ya rubuta labarin wani wuri a wannan yanki da ya kira Badamuni, mai tafki biyu a jere, ɗaya na kanwa, ɗaya na ruwan daɗi.

Gidimuni ce babbar fadamar hanyar. A 2019 aka sa tafkinta cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Ka yi ƙoƙari ka kwana nan, ka fito da asuba. Kirinjijiya na kuka a kan ruwa, zalɓe a tsaye cikin kacalla, ga tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai, ga masu lambu sun riga kowa fitowa.

Ana ɗaga mini hannu daga ɗakin na'ura, lokaci ya ƙure, bari mu taka da sauri. Mirya, kusan kilomita 20 kafin birni, lambuna da manyan kukoki, kasuwarta ran Lahadi. Sai Damagaram, babban birnin Nijar har zuwa 1926: unguwar Birni da fadar Sarki, ragowar ganuwar Sarki Tanimu, da gidajen Zango masu zane a goshi.

Barth ya shigo garin nan ran 25 ga Disamba, 1852, aljihu ba nauyi, ya zauna kusan wata guda yana jiran saƙo daga arewa. Da saƙon ya iso, dala dubu ce ta azurfa, an ɓoye ta cikin akwatunan sukari guda biyu, har kusan ba wanda ya san kuɗi sun zo masa. Da su ya yi sayayyar da ta kai shi Katsina da Sakkwato.

Mai niyyar wannan tafiya, ya fara tambayar hukuma da masu gari halin da hanya take ciki, kada ya yi tafiyar dare, kuma ya tafi da abokin tafiya. Famfo, sholisho, robar ciki guda biyu.

[Kiɗan rufe shiri]