Tsufa a Zangon Agege: A Bar wa Dattijo Ragamar Gidansa

Tun daga lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta tashi daga Ikko ta ratsa Agege, ta isa Ibadan a 1901, har aka haɗe ta da Kano a 1912, fataken Hausawa suka riƙa sauka a wannan gari mai gonakin goro da koko, wasu da nufin su yi sari su juya, wasu don ƙodagon rani ɗaya. Amma da yake arziki ba ya shawara da mutum kan inda zai tsai da shi, sai da yawansu suka kafa zango, suka gina masallatai, suka yi aure suka hayayyafa, har aka wayi gari ga Sarkin Hausawan Agege da fadarsa, ga kuma iyalai waɗanda kakanninsu ma a nan aka yanke musu cibiya. Wanda duk ya bi ta Zango bayan sallar La'asar zai tarar da ragowar waɗannan zuriyoyi a kan dakali da benci, tsohon ma'aikacin reluwe kusa da tsohon soja, mahaucin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a mayankar Oko-Oba kusa da dillalin goro wanda yanzu ɗansa ke kwance huhu. Mas'alar da ta shafe su duka ɗaya ce: yadda mutum zai tsufa a ɗakinsa, a cikin birni mai tsada da cunkoso, yana riƙe da mutuncinsa da al'amuransa, ba tare da ya zama kaya a wuyan kowa ba.

Mu Hausawa muna alfahari, kuma da gaskiyarmu, cewa ba mu kai iyayenmu gidan gajiyayyu. Suratul Isra'i ta jera kyautata wa iyaye daf da tauhidi, ta kuma ambaci lokacin tsufansu musamman, sa'an nan malaman Malikiyya sun wajabta wa ɗa mai hali nafaƙar iyayensa matalauta. Babu jayayya a nan. Inda nake da magana shi ne wata irin kyautatawa da ta zama ruwan dare, wadda niyyarta alheri ce amma aƙibarta cutarwa. Da zarar uba ya yi ritaya, ko ya yi jinya sau ɗaya ya tashi, sai 'ya'ya su taru a kansa da kalma guda: "Baba, zauna ka huta, mu za mu yi." A karɓe mabuɗin shago, a hana shi leƙa kasuwa, a aiki yaro ya sayo masa ko da asuwaki ne, a riƙa yanke shawarar gida a bayan idonsa don kada a ɗaga masa hankali. Kafin shekara ta kewayo, mutumin da ke taka ƙafarsa har tasha ya koma ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi, sai a ce tsufa ne ya zo, alhali kuwa rabin abin zama ne ya jawo shi.

Likitoci sun daɗe da sanin illar wannan. Tsokar jikin ɗan Adam tana raguwa sannu a hankali tun daga tsakiyar rayuwa, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan shekara 60, kuma babu abin da ke gaggauta ta kamar rashin motsi, har ma kwanciyar mako ɗaya ko biyu a gado takan ci ƙarfin cinyar tsoho da zai ɗauki watanni bai mai da shi ba. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2015 kan tsufa, ta auna lafiyar dattijo da ikonsa na aikata abubuwan da yake daraja, ko da kuwa yana ɗauke da cuta ɗaya ko biyu, ta kuma shawarci manya da su samu motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Dattijon Zango ba ya bukatar wani filin wasa kafin ya cika wannan adadi. In masallacinsa tafiyar minti biyar ce, zuwa da komowa sau biyar sun ba shi minti 50 a yini, muddin ya ɗan ɗaga ƙafa, ga ruku'u da sujada da miƙewa suna yi wa gwiwa da ƙugu aiki. Shari'a ta yi rangwame ga wanda ya gaza tsayuwa ya yi salla a zaune, wannan rahama ce, amma rukhsa ce ta mai uzuri, bai kamata a ɗora mai sauran ƙarfi a kujera don tausayi kawai ba. Sa'an nan tafiyar masallaci ba ƙafa kaɗai take raya wa ba. A can ne ake gaisawa, a ji wanda ya haihu da wanda ya rasu, a nemi shawararsa kan rikicin aure ko na ciniki, kuma idan aka rasa shi a sahu Asuba da Azahar, wani zai ƙwanƙwasa ƙofarsa kafin Magariba. Kaɗaici yana dushe hankalin tsoho, yana kuma jawo baƙin ciki mai hana ci da barci.

Amma kafin a ce dattijo ya yi ta zirga-zirga, wajibi ne a dubi gidan da yake takawa, domin ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Mu ɗauki gidan haya irin wanda ya cika Agege, mai dogon lungu a tsakiya da ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya ko biyu a can ƙurya ga iyalai takwas ko goma. Ƙarfe biyar na Asuba, wuta ta ɗauke, damina ta sauka, simintin ƙofar banɗaki ya yi gansakuka saboda ruwan wanki da ba ya bushewa a danshin Ikko. Tsoho ya fito da buta a hannun dama, fitilar waya a hagu, silifas ɗin roba wanda ƙasansa ya suɗe a ƙafa, sai ya ɗaga ƙafa ɗaya don ya tsallake dokin ƙofa, babu abin da zai dafa sai jiƙaƙƙen bango. A daidai wannan taku ake karya ƙugu, karayar ƙugu kuwa ga mai shekara 75 sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi. Maganin abin bai kai kuɗin ragon suna ba: ƙarfen dafawa a kafe a bango, a kankare gansakuka a kai a kai, a sa fitila mai caji a lungu, a ajiye kujerar roba mai ƙarfi don wanka da alwala, a canza takalmi, a daina cika masa bokiti har baki. In gidan bene ne, a nema masa ɗakin ƙasa tun ƙafarsa na da ƙarfi. Ɗan da ya yi wa mahaifinsa wannan ya fi wanda ya saya masa babbar riga ta Salla, ko da yake ba mai gani ya yaba.

Cututtukan da ke kayar da manyanmu kuwa yawancinsu masu sanɗa ne. Hawan jini ba ya ciwo, har ranar da zai shanye ɓarin jiki; awo kaɗai ke tona shi, kuma wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai yana bukatar likita da magani na dindindin, ba na mako biyu a daina don an ji sauƙi ba. An shawarci baligi kada gishirinsa ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan, dunƙulen miya da yajin tsire kuwa duk gishiri ne a ɓoye. Goro, wanda shi ne ya kafa Zango, yana ɗauke da sinadarin da ke cikin gahawa, don haka mai bugun zuciya ko rashin barci ya rage shi da yamma. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye a hannun masu talla a sha kullum saboda ciwon gwiwa, domin da yawansu suna ƙona ciki suna lalata ƙoda. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya koma ga Mus'hafinsa. Mai ciwon suga ya ga likita kafin Ramadan, ya kuma san cewa tsohon da azumi ke cutarwa an yarda masa ya sha. Akwai Babban Asibitin Orile Agege a kusa, akwai inshorar lafiya ta Jihar Legas mai suna Ilera Eko, wadda 'ya'ya za su iya haɗa kuɗi su biya wa iyaye sau ɗaya a shekara. A Ibadan ma tun 2012 aka buɗe cibiya ta musamman don jinyar tsofaffi a asibitin koyarwa na jami'a.

Sai maganar kuɗi, wadda in ba ta daidaita ba duk abin da aka faɗa a baya zance ne. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, kuma tun da aka sabunta dokar fansho ta 2004 a shekarar 2014, ana tara masa kashi 18 cikin ɗari na albashi a asusunsa, 10 daga mai aiki, 8 daga aljihunsa. To, amma mutum nawa ne a Zango suka taɓa karɓar albashi? Mahauci da ɗan goro da mai canji da mai gadi da mai shayi ba su da garatuti, fanshonsu shi ne 'ya'ya da ɗakin haya da abin da ya rage na jari. Don irinsu aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho a 2019, inda mai sana'a ke zuba abin da ya sawwaƙa, a ba shi damar cire wani kaso in lalura ta taso, sauran kuwa sai tsufa. Ko mai fanshon ma bai tsira ba, gama bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, kuɗin da ke sayen buhu ya koma sayen kwano. A ganina hikima ita ce dattijo ya riƙe wata 'yar sana'a daidai ƙarfinsa, ya kuma riƙe asusunsa da kansa. A koya masa aiki da katin banki da waya cikin haƙuri, a gargaɗe shi kada ya karanta wa kowa lambar sirri ko da mai kiran ya ce daga banki yake, maimakon a karɓe katin gaba ɗaya, ya koma roƙon ɗansa kuɗin da shi ya tara.

Iyayenmu mata sun fi shiga wannan hali, domin sukan riga mu ganin takaba, kuma galibi ba da sunansu aka rubuta gida ko haya ba. Hajiyar da ta shekara arba'in tana suyar ƙosai ko dama fura, tana zubin adashi, tana aurar da 'ya'ya da guminta, ba ƙaramin zalunci ba ne a kashe mata murhu rana ɗaya da sunan hutu. A rage mata nauyin, a sa jika ta ɗauki tukunya da itace, amma ciniki da lissafi su zauna a hannunta, a kuma bar ta ta je Islamiyya da biki da ta'aziyya.

Akwai kuma tsohon buri na komawa gida, wanda kusan kowane Bahaushen Kurmi ke ɗauke da shi a zuciya, a gina ɗaki a Kano ko Katsina ko Sakkwato, a je a ƙarasa kwana kusa da kabarin iyaye. Buri ne mai daraja, ga wanda bai yanke zumunci ba kuwa sau da yawa shi ne daidai, musamman in haya ta fi ƙarfinsa. Sai dai wanda ya shekara hamsin a Agege ya yi wa kansa hisabi na gaskiya kafin ya sayar da abin da ya mallaka: sa'o'insa na can yawanci sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa da jikokinsa suna nan suna jin Yarabanci kamar Hausa, likitan da ya san fayil ɗinsa yana nan, jikinsa ma ya manta hunturu da zafin bazara. Ya fi kyau ya je ya yi wata uku, ya ɗanɗana rani da damina, sa'an nan ya yanke hukunci da kansa, kada a yanke masa.

Daga cikin riƙon ragama har da shirya abin da zai biyo baya tun hankali na nan daram. Dattijo ya tara takardun fili da na haya da na fansho wuri ɗaya, ya rubuta basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi, ya yi wasiyya a gaban shaidu adilai, wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba kuma ba ga magaji ba, ya faɗi wanda zai tsaya masa a asibiti da banki ranar da harshe ya yi nauyi. Jama'a ma da nasu rabon. An sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, amma kafin hannunta ya iso lungunan Zango, masallatanmu da fadar Sarki da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya rubuta sunayen tsofaffin da ke zaune su kaɗai a kowace unguwa, a sayi na'urar awon jini a ajiye a masallaci, a gayyato ma'aikacin jinya daga cikin 'ya'yanmu ya riƙa aunawa bayan sallar Juma'a, a kuma ware wani kaso na zakka don biya wa marasa gata inshorar shekara da kafa musu ƙarfen dafawa a banɗaki kafin damina ta sauka.